Sarƙar keke mai faranti ɗaya: me ke sa ta zamewa, me ke riƙe ta

Duk wanda ya saba gangarawa fadamar Argungu a kan keke da sassafe ya san wannan lamarin. Kana cikin tafiya sai ka ji feda ta yi sakayau, kamar ka taka iska. Ka leƙa ƙasa, sarƙa ta sauka daga farantin gaba, wato faifan nan mai haƙora da feda ke juyawa, tana reto. Sai a sauka, a jingine keke, a nemi tsinke ko ganye don kada baƙin mai ya ɓata hannu, a mayar da ita, a hau. Kafin a kai bakin gona ta sake faɗuwa. Idan akwai buhu a kariya, ko yaro a baya, abin ya wuce ɓacin rai, ya zama hatsari, domin ƙafar da ta saki nauyinta a kan feda babu abin da zai tare ta.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 keke ya dawo da daraja a garuruwanmu. Malaman makaranta, ƙananan ma'aikata da ɗalibai da yawa sun jingine babur sun koma feda. Akasarin abin da suke saye kekunan gwanjo ne masu giya, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Asiya kafin su iso kasuwannin Birnin Kebbi da Jega. Irin waɗannan kekuna suna zuwa da faranti biyu ko uku a gaba, da jerin haƙora shida, bakwai ko takwas a baya. Ba a daɗewa macanjin giyar gaba yake lalacewa: waya ta tsinke, ko tsatsa ta kama shi. Abin da aka saba yi shi ne a kwance shi a yar, a ɗora sarƙa a kan faranti ɗaya, a ce ai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, giyar baya ta isa. Maganar gaskiya ce, ta isa. Amma daga ranar sarƙa ke fara faɗuwa, mai keke kuma bai san cewa shi ya buɗe mata ƙofa ba.

Haka ta faru da keken ɗan ƙanwata, wanda ke zuwa makaranta da shi. Da na gaji da ƙorafinsa na kai keken wurin wani dattijo mai gyara, na ce, "Baba, a ɗaure mana sarƙar nan ta yi tauri, kullum sai ta faɗi." Bai taɓa sarƙar ba tukuna. Ya shafa bututun firam inda zoben macanjin ya bar shata, ya ce, "Malam, ina ƙarfen da ke nan?" Na ce mun cire, ba ya aiki. Ya ce ko ba ya canja giya, yana gadi.

Macanjin gaba aiki biyu yake yi, amma ɗaya kawai muke gani. Na farko, tura sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan. Na biyu, wanda ba a lura da shi sai an rasa shi, shi ne ƙarafansa biyu da suka sa sarƙa a tsakiya suna hana ta kaucewa hagu ko dama a daidai wurin da take hawa haƙora. Wanda ya cire shi ya cire shinge. Kuma farantin da aka bari a wurin ba a ƙera shi don ya riƙe sarƙa ba. An ƙera shi don ya sake ta cikin sauƙi. Ka ɗauki farantin keke mai giya ka duba da kyau: wasu haƙoran gajeru ne, wasu an fere musu gefe, a jikin babban kuma akwai 'yan tudu da ƙusoshi da ke ɗaga sarƙa lokacin canji. Mutane kan zaci lalacewa ce, alhali haka aka yi shi daga masana'anta. Ita ma sarƙar giya an yi ta da laushin lanƙwasa gefe da gefe don ta iya tsallakawa daga haƙori zuwa haƙori. To faranti mai son saki, sarƙa mai son kaucewa, ga shinge an ɗauke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada a ɗauka wannan matsalar talaka ce kawai. A shekarar 2003, a zangon buɗe babban tseren kekuna na Faransa a birnin Faris, an cire wa David Millar ɗan Birtaniya macanjin gaba daga kekensa. Yana kan hanyar lashe zangon sarƙa ta zame masa daf da ƙarshe, Bradley McGee ɗan Ostareliya ya doke shi da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Kuskuren da muke yi a gindin bishiyar mai faci, ƙwararru masu kuɗi sun riga mu yin sa.

Kafin a kai ga magani sai an raba kekuna gida biyu, domin kalmar faranti ɗaya ta haɗa abubuwa biyu da ba su da ciwo iri ɗaya.

Akwai tsohon keken iyayenmu, irin su Raleigh na Ingila, Phoenix na Sin da Hero na Indiya, mai faranti ɗaya a gaba da haƙori ɗaya a baya. Wannan keken, in yana da lafiya, bai kamata sarƙarsa ta faɗi ba ko kaɗan. Haƙoransa dogaye ne masu kauri, sarƙarsa mai faɗi ce, ɗaya bisa takwas na inci a ciki, ba ta da yawan lanƙwasa, kuma tana tafiya a miƙe sambal daga gaba zuwa baya. Idan ta fara faɗuwa akwai abin da ya motsa daga wurinsa. Galibi tayar baya ce ta ja gaba. Ramin da ƙarfen taya ke zama a ciki dogo ne, an yi shi haka don a ja taya baya a ɗaure sarƙa, kuma akwai 'yan ƙarafa biyu masu noti a ƙarshen firam da ke riƙe ta kada ta dawo. Ka duba kekunan masu kai ruwa da masu ɗaukar shinkafa daga fadama, da yawa waɗannan ƙarafan sun ɓace tun tuni. Jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ke nan na ruwa kawai. Duk takun da aka yi da wannan nauyi sarƙa na fizgar ɓangaren dama na tayar zuwa gaba. Noti kaɗai ba ya jurewa har abada. Taya ta karkace kaɗan, sarƙa ta yi sako-sako, ta kuma daina kallon faranti kai tsaye. Kuɗin waɗannan 'yan ƙarafa bai taka kara ya karya ba, amma su ne rabin maganin.

A nan ne ake yin kuskuren da na je wurin dattijon da shi a bakina, wato a ja sarƙa ta yi tauri kamar tsirkiyar baka. Garin gyaran gira a rasa ido. Sarƙar da aka ɗaure tamau tana cin boris na cibiyar feda da na taya, tana sa feda nauyi, tana kuma saurin cinye kanta. Ƙa'idar ita ce in ka kama ta a tsakiya tsakanin gaba da baya ta iya yin sama da ƙasa kamar rabin inci, wato kimanin milimita 12, kaurin ɗan yatsa. Akwai kuma wata dabara da ba kowa ke kula da ita ba. Faranti ba ya zama daidai cif a tsakiya, saboda haka in ka juya feda a hankali za ka tarar akwai inda sarƙa ke tauri, akwai inda take saki. A wurin da ta fi tauri ake auna ta. In bambancin wuraren biyu ya yi yawa, to farantin ya lanƙwashe ko cibiyar feda ta yi lako-lako, kuma ko sau nawa aka ja taya ba za a rabu da faɗuwa ba. Kama hannun feda ka girgiza shi gefe da gefe. In ya yi motsi, boris sun ci ko noti ya saki, farantin na tafiya yana rangaji kamar faifan da aka murza a ƙasa. Sannan a tsaya ta sama a juya feda ana kallon haƙora suna wucewa kusa da firam. Haƙori ɗaya da dutse ya buga ya karkace ya isa ya riƙa jefar da sarƙa a wuri ɗaya kullum, kuma sifana mai daidaitawa tana miƙe shi cikin minti biyu.

Tsohon keke yana da wani abu da nake ganin mun yi asararsa: murfin ƙarfe da ke rufe sarƙa gaba ɗaya. Yana hana ƙura da yashi shiga, yana hana bakin wando ko gefen riga faɗawa tsakanin haƙora. Ga mai sa dogayen kaya irin namu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don sau da yawa tufa ce ke shiga ta ɗaga sarƙa daga kan faranti. Masu gyara kan cire murfin saboda yana ba su wahala wajen kwance taya, ba sa mayarwa. Ni dai ina roƙon a mayar mini da nawa.

Gida na biyu shi ne mai wuyar sha'ani: faranti ɗaya a gaba, giya da yawa a baya. A nan ba za ka iya jan taya ka ɗaure sarƙa ba, domin dole a bar mata tsawon da zai kai ta babban haƙorin baya, kuma idan ta sauko ƙarami sai rarar ta yi yawa. Abin da ke kwashe rarar shi ne macanjin baya, wannan hannu mai ƙananan tayoyi biyu da sifirin ke ja baya. Ƙarfin sifirin ɗin kaɗai ke riƙe da sarƙar ƙasa. Muddin kana taka feda, sarƙar sama a miƙe take saboda ƙarfin ƙafarka, da wuya ta faɗi. Matsala na zuwa ne lokacin da ka daina takawa kana gangara, ka faɗa rami ko hanyar da ta yi ƙunya-ƙunya bayan damina. Nauyin sarƙa ya fizgi hannun macanji gaba, sarƙa ta yi igiyar ruwa, igiyar ta isa faranti ta ɗaga ta daga kan haƙora. Da ka sake taka feda sai ta sauka a gefe. Shi ya sa mutane ke cewa tana faɗuwa ne daidai lokacin da suka fara takawa, alhali tun kafin nan ta bar wurinta.

Da an gane haka, abubuwa da dama sun fito fili. Na farko tsawon sarƙa. Keken da ya zo da faranti uku an yanke masa sarƙa ne don ta isa babban faranti, mai haƙora 42 ko 48. In ka koma na tsakiya mai 32 ka zauna, ka bar rarar da ba ta da aiki. Sarƙa rabin faranti take naɗewa, saboda haka ragin haƙora goma, daga 42 zuwa 32, ya bar maka rarar kusan ƙusa biyar daga ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta, sai a cire huɗu, tunda bibbiyu ake cirewa. Hanyar aunawa da aka saba ita ce a ɗora sarƙa a kan farantin gaba da mafi girman haƙorin baya ba tare da an bi da ita ta cikin macanji ba, a ja bakunan su haɗu, a ƙara ƙusa biyu, wato inci ɗaya. Kada a rage ta fiye da haka, domin sarƙar da ta gaza, ranar da aka manta aka tura ta babban haƙori, tana iya karya macanjin ko ta lanƙwasa wurin da yake rataye. Wannan gyara ba ya buƙatar sayen komai, amma na ga kekunan da shi kaɗai ya raba su da faɗuwa.

Na biyu layin sarƙa. In ka tsuguna bayan keke ka hango daga jerin haƙoran baya zuwa gaba, farantin ya kamata ya yi daidai da tsakiyar jerin. A keke mai faranti uku, na tsakiya ne aka ajiye a wannan layi. Samari sun fi son babban faranti na waje don gudu, su bar sarƙa a kansa, sannan in an zo tudu ko yashi su tura giyar baya zuwa babban haƙori na ciki. Sarƙa ta yi gicciye ke nan daga waje can zuwa ciki can, tana hawa faranti a karkace, kowane haƙori na shiga ta gefe maimakon tsakiya. Ko babu rami tana iya zamewa ciki, musamman in aka juya feda baya. Wanda zai zauna da faranti ɗaya, ya ɗaura shi a gurbin tsakiya. In akwai 'yar tazara ana gyara ta da washa. In kuma farantan irin waɗanda aka haɗe da ribit ne ba sa kwantuwa, kamar yadda yake a yawancin kekuna masu araha, sai a bar su ukun yadda suke a yi amfani da na tsakiya. Babban na waje ma sai ya zama katanga.

Na uku, wanda ƙurar hunturu ke jawo mana, shi ne firiwil, wato abin da haƙoran baya ke juyawa a kansa, in ya daskare. Aikinsa ya ƙyale taya ta ci gaba da juyawa alhali haƙora sun tsaya. In ƙura da busasshen mai suka cika cikinsa, taya takan ɗan ja haƙoran tare da ita, su turo sarƙar sama gaba ta yi lilo har ta taɓa firam. Gwajin mai sauƙi ne: tura keke kana tafiya a ƙasa, in feda na juyawa da kanta, firiwil na kamawa. A kwantar da keke, a ɗiga kananzir a tsagar yana juyawa har ya saki, a bi da mai mara kauri.

Sai tsufa. Muna cewa sarƙa ta miƙe, amma ƙarfen ba ya miƙewa. Ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓi ne ke cinyewa, kowace gaɓa ta sami ɗan wasa, in aka tara sai tsawo ya ƙaru. Tazarar ƙusa zuwa ƙusa a sabuwar sarƙa rabin inci ce cif, milimita 12.7, a keken Hero da keken tsere duk ɗaya. Saboda haka in ka ɗora tef ɗin kafinta a tsakiyar wata ƙusa, alamar inci 12 ya kamata ta faɗa tsakiyar wata ƙusar. In ƙusar ta wuce alamar da ɗaya bisa goma sha shida na inci, kimanin milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. In ta kai ɗaya bisa takwas, to ta riga ta ci haƙora, sabuwar sarƙa ba za ta zauna a kansu lafiya ba, sai an canja su tare. Tef ɗin tela ba ya yin wannan aiki, yana miƙewa. Wanda ba shi da abin awo ya kama sarƙa a goshin faranti ya ja ta gaba. In ta ɗago har ana hango haske tsakaninta da gindin haƙora, ta tsufa. Tsohuwar sarƙa ba ta zama a gindin haƙori, can sama take hawa, kuma wasanta na gefe ya ƙaru, abu kaɗan ke ture ta.

Abin da ke tsufar da ita da wuri a wurinmu ɗabi'ar nan ce ta kwarara mata baƙin man da aka juye daga inji. Man da ya jiƙe bayan sarƙa yashi yake kamawa, yashi da mai kuwa sun zama dutsen wasa. Ciki ne ke buƙatar mai. A wanke da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya, sannan a goge bayan da tsumma har ya kusa bushewa.

To yaya masana'antu suka yi da suka mayar da faranti ɗaya abin yayi? Domin yau mafi yawan kekunan hawan dutse masu tsada ba su da macanjin gaba sam. Abu biyu suka kawo. Kamfanin Shimano na Japan ya fito a 2011 da macanjin baya mai wani ɗan birki a gwiwarsa, wanda suke kira kuloci. Yana barin hannun ya koma baya cikin sauƙi amma yana hana shi fizguwa gaba, don haka igiyar ruwan nan ba ta tashi sosai. A 2012 kuma kamfanin SRAM na Amurka ya fito da tsarin XX1, faranti ɗaya a gaba da giya 11 a baya, daga haƙora 10 zuwa 42, tare da faranti mai haƙora iri biyu. Hikimar tana cikin sarƙar kanta. Ka dube ta ta sama: ramukanta ba ɗaya ba ne, ɗaya mai faɗi, na biye mai ƙunci, haka har ƙarshe. Farantin da muka saba da shi duk haƙoransa sirara ne don su shiga ramin mai ƙunci, saboda haka a ramin mai faɗi haƙori yawo yake yi. Sabon farantin sai aka yi masa haƙori mai kauri, mai siriri, mai kauri, mai siriri, kowanne ya cika raminsa, aka kuma ƙara musu tsawo tunda babu sauran buƙatar saki. Sarƙa ba ta da wurin kaucewa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, an yi rajistar irinta don injinan noma a Amurka tun ƙarshen shekarun 1970.

Wannan faranti yana aiki ƙwarai, kuma yanzu ana yin masu araha. Amma mai saye ya san sharuɗɗansa. Adadin haƙoransa dole ya zama mai rabuwa biyu, 30, 32, 34, 36, ba a samun 33. Wajen ɗora sarƙa sai haƙori mai kauri ya faɗa ramin mai faɗi, in an saɓa za ta hau sama ta ƙi zama, kada a tilasta ta. An yi shi ne don siraran sarƙoƙi na giya 9 zuwa 12. Yana karɓar ta giya bakwai ko takwas, riƙon dai ba ya kai na asali, amma in aka sa masa faffaɗar sarƙar tsohon keke an zubar da amfaninsa gaba ɗaya. Sannan sai hannun fedarka mai kwantuwa ne, kuma ramukan notinsa sun dace. Wanda ya fi yawa shi ne mai noti huɗu a kan da'irar milimita 104. A auna kafin a tura kuɗi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Haƙorin da ya cika rami bai bar wa laka wurin fita ba. Taɓon fadama mai danƙo, in ya haɗu da karan shinkafa ko ciyawa, yana cushewa a gindin haƙora ya ɗaga sarƙa sama har ta hau kansu. Yashi kuma yana cin kaurin haƙoran, musamman na alminiyam, ranar da mai kaurin ya sirance ya zama faranti kamar kowane. In da zaɓi, na ƙarfe ya fi dacewa da ƙasarmu ko da ya fi nauyi. Kuma ko a hannun ƙwararru ba a ce an gama da matsalar ba. A 2023, a zango na ashirin na tseren zagayen Italiya, Primož Roglič na hawan dutsen Lussari da keke mai faranti ɗaya, ya daki wani gargada, sarƙa ta sauka. Sai da ya dira ya mayar da ita aka tura shi. Ya dai lashe zangon, ya kuma ci tseren da tazarar daƙiƙa 14 a kan Geraint Thomas. Shi ya sa har yau masu tseren gangaren dutse ke ƙara ɗan ƙaramin shinge a saman faranti duk da sabbin haƙoran.

Wannan ya dawo da mu ga dattijon nan da ƙarfen da muka yar. A ganina, ga mai keken gwanjo a Kalgo ko Bunza wanda ba zai sayi macanji mai kuloci da ya kusa kuɗin kekensa ba, babu maganin da ya kai mataccen macanjin gaba. Ba ya buƙatar waya ko maɓalli a kan ƙaho. A ɗaura shi a firam, a sauko da shi kusa da haƙora gwargwadon yadda zai yiwu ba tare da ya taɓa su ba, a daidaita shi da layin faranti. A jikinsa akwai ƙananan sukurori biyu masu iyakance tafiyarsa. Da su ake kulle shi a kan faranti yadda sarƙa za ta ratsa tsakiya. In sukurun ciki bai kai ya riƙe shi a kan na tsakiya ba, a sa wanda ya fi shi tsawo, ko a ɗaure shi da guntun wayar giya. Sannan a ɗaga tayar baya a bi giya ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarami zuwa babba, a saurara ko sarƙa na gugar ƙarfen. Abin da za a kiyaye shi ne kada a bar tazarar da sarƙa za ta iya kutsawa ta ƙasansa, don in ta faɗi ta maƙale tsakanin shinge da faranti fito da ita ya fi wuya fiye da in babu shingen.

Wata hanyar ita ce katanga biyu. A waje a ɗaura tsohon babban faranti da aka goge wa haƙora da zarto ko injin gurza ƙarfe na masu walda, ya zama zobe sumul. A ciki a ɗaura ɗan ƙarfe ko roba mai tauri a bututun firam, bakinsa na kusa da sarƙa daidai inda take hawa. Masu tseren laka a Turai sun daɗe suna sa faranti tsakanin zobba biyu kafin zuwan sabbin haƙora. Zoben waje yana da ƙarin amfani gare mu, yana kare bakin wando. Duk mai walda da ke bakin kasuwa zai iya yin sa in an nuna masa.

Akwai kuma abin da ke hannun mahayi. In za ka gangara hanya mai gargada, kada ka bar sarƙa a ƙaramin haƙorin baya, inda ta fi sako-sako. Hau da ita tsakiya ko sama kaɗan, sifirin ya miƙe ya riƙe ta. Kada ka juya feda baya kana cikin rami. In macanjin baya ya taɓa bugun ƙasa ya karkata ciki, a miƙe wurin da yake rataye, in sifirinsa ya mutu har hannun ba ya komawa da ƙarfi, a nemi wani a cikin tarkacen masu gyara.

Keken ɗan ƙanwata abu uku aka yi masa a ranar. Dattijon ya tono wani tsohon macanji daga cikin buhun ƙarafansa ya kulle shi a kan farantin tsakiya, ya cire ƙusa huɗu daga sarƙa, ya wanke firiwil da kananzir. Da na auna sarƙar da tef a gida na tarar ta kusa kai iyaka, don haka na sa a raina a canja ta kafin ruwa ya sauka, tun ba ta ci haƙoran baya ba.